Kaurar Barde Ta Ƙare a Hannuna

Shugaban wannan taro, Rabaran Nuhu Maigari, wanda ya taso tun daga Rano da sassafe. Fastocinmu da masu bishara na ƙasar Rano da ta Kibiya. Dattawan ikilisiya, waɗanda muka tsufa tare da waɗanda aka naɗa jiya-jiya. Mai Unguwarmu Malam Haliru, wanda ba addininmu ɗaya ba amma bai taɓa ƙin amsa gayyatarmu ba. Ardo Mahdi da jama'arsa, da suka baro shanu a hannun wasu suka zo suka zauna da mu. Iyayenmu mata na zumunta. Mawaƙa da masu kiɗa. Mutanen Durba, mutanen Zinyau, mutanen Rurum Sabon Gari, da duk wanda ƙafarsa ta kawo shi wannan taron godiyar kaka: ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salama a gare ku duka.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan damina da ranmu. Ina gode wa matan da suka sha hayaƙi tun safe domin mu ci. Ina kuma gode wa 'yan kwamiti da suka tuna ina raye. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba a miƙo mini abin maganar nan a taron godiya ba, kada a zaci ban lura ba. An ce mini minti goma zan yi. Wanda ya yanka mini minti goman ya riƙe agogonsa da kyau, domin ni ba ni da agogo, ba ni da takarda, ban kuma taɓa zama a aji ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habila ɗan Barde, daga Gidan Barde da ke bayan Durba. An karanta mini abin da aka rubuta a ƙyallen can da aka rataye: wai alherin Allah kyauta ne, wanda ya karɓa ya miƙa wa na kusa da shi. Aka ce ni zan yi magana a kai, saboda a cikin waɗanda suka rage babu wanda ya riga ni shiga ruwan baftisma. Ranka ya daɗe Rabaran, kun duba shekaru, ba ku duba mutum ba. Amma tunda kun tsayar da ni, zan faɗa. Magana uku na zo da su, sai roƙo ɗaya.

Ta farko ita ce yadda kyauta ta zo hannuna.

Akwai wata dawa a gidanmu. Kaura ce, amma ba irin wadda kuke aunawa a kasuwar Rano ba. Zangarniyarta a dunƙule take, da nauyi, har kan karan ya sunkuya. Ƙwayarta ruwan ƙwai ce mai ɗan ja. Tuwonta in ya kwana ba ya saki, kununta kuma ba ya neman sukari. Tsofaffin da ke nan sun san ta, kaurar Barde ake ce mata. Ba ubana Barde ne ya yi ta ba. Kakarsa ce ta zo da ita a ƙulle a gefen zane ranar da aka kawo ta gidan miji, ita ma ba mu san wa ya ba ta ba.

Ranar girbi, kafin a ɗaure dami ko ɗaya, ubana zai bi gona kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya kai madafa ya rataye inda hayaƙi zai hana ƙwari. In bazara ta yi sai ya sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba a wani babban tulu, ya ajiye tulun a zaure da baki a buɗe. Ku samari da kuka saba da irin leda ba za ku gane dalili ba, bari in faɗa muku. Dawa tana ɗaukar kamar ta maƙwabci. In ka shuka kaura kusa da farafara, shekara uku ko huɗu sai ka ga ta canja, ba ita ba ce kuma. Gonarmu kuwa dutse ya kare ta ta gefe biyu, babu abin da ke shiga. Saboda haka duk wanda tasa ta gauraye sai ya dawo Gidan Barde ya sabunta. Musulmi ya zo, Bafillace ya zo, mai bin gargajiya ya zo, ubana ya zuba wa kowa tafi biyu ko uku a bakin riga. Ba a saya, ba a ramawa, ba a tambayar mutum me ya yi da ta bara.

Wata bazara, ina saurayi mai jin ƙarfi, wani mutum da ya taɓa cin mana iyakar gona ya shigo zauren nan ba kunya, ubana ya zuba masa. Da ya fita na ce, "Baba, wannan ɗin ma?"

Ya ce, "Habila, kai ka yi ta?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Ni na yi ta?"

Na ce, "A'a, Baba."

Ya ce, "To abin da ba mu yi ba, da wane baki za mu hana?"

Lokacin nan bishara ba ta iso mu ba tukuna. Da mai bishara na farko ya zo a kan keke, ya zauna a wannan zaure, ya ce ceton Allah ba a sayensa da akuya, ba a sayensa da zakara ko tulun giya, Almasihu ya riga ya ɗauki nauyin, kai dai ka buɗe hannu, sai ubana ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ba baƙon zance ba ne. Haka muke yi da iri." Wasu gidaje sai da mai bisharar nan ya yi damina uku yana zirga-zirga. Ubana da yammacin rana ɗaya ya gane. A cikin wannan gida na tashi, da wannan tuwo na yi ƙashi, kuma ni aka bar wa tulun. Ba don na fi kowa ba, don dai ni ne babba.

Magana ta biyu ita ce abin da aka yi mini, kuma zan faɗe shi duka, domin an daɗe ana cewa Habila mai riƙo ne, ba a faɗin abin da ya riƙe.

Mu biyu ubanmu ya bari maza, ni da ƙanena Ishiyaku. Ishiyaku ya tafi Kibiya koyon ɗinki, ya musulunta a can, ya yi aure a can. Malam Haliru, kana zaune, kai shaida ne: na yi fushi damina ɗaya, ya wuce. Da Kirsimeti yana zuwa da iyalinsa, mu miƙa masa kaza ya yanka da hannunsa mu ci tare. Da Babbar Sallah yana aiko mini da cinyar rago. Ba addini ne ya raba mu ba. Kada wani ya fita daga nan ya je ya ce haka, zan ƙaryata shi.

Da Barde ya rasu, muka binne shi a gindin ɗorawar da ke cikin gonarsa, inda ya ce a sa shi. Da aka raba gona, ɓangaren ɗorawar ya faɗa wa Ishiyaku. Shekara ashirin da shida da suka wuce, na fita da safe da fartanya a kafaɗa, sai na ji ƙugin tarakta inda tarakta ba ta taɓa shiga ba. Ishiyaku ya sayar wa wani mutumin birni ɓangarensa. Ba shawara, ba aike, ba sallama. An sare ɗorawa, an tone kututturenta, an ja kunya daga wannan iyaka zuwa waccan. Na tsaya ina nuna wa direban wuri ina ihu, yana ɗaga mini hannu don ya zaci gaisuwa nake yi. Jama'a, a yau ɗin nan, in kuka ce in kai ku inda mutum na farko da ya karɓi bishara a ƙasar nan yake kwance, sai dai in nuna muku masara.

An ce matarsa ce ba ta da lafiya, za a yi mata aiki a Kano, ba shi da yadda zai yi. Na ji. Matar kuwa ta warke, tana nan da ranta, Allah ya ƙara mata lafiya. Amma a lokacin ba ni da bijimai biyu a turke? Hanyar Gidan Barde ta ɓace masa ne? Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa wurina. Kunyar da ta hana shi roƙon yayansa, ba ta hana shi sayar da ubansa ba. Wannan magana na faɗe ta a lokacin, na faɗe ta yau, ban kuma ga wanda ya kawo mini amsarta ba.

To, wannan nasa ne. Magana ta uku tawa ce, ita ce mai tsawo.

Bayan shekara biyu Ishiyaku ya sami 'yar gona a bayan Kibiya. Da bazara ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa a zaure.

Ya ce, "Yaya, na zo neman iri."

Na ce, "Wane iri?"

Ya ce, "Kaurar Baba."

Na ce, "Wane Baban? Wanda ka sayar?"

Ya sunkuyar da kai. Na ce masa, "Babu." Tulun yana bayana, cike har wuya, yana kallonsa. Ya dawo bazarar da ta biyo, na ce babu. Ta uku ya zo da Malam Haliru, Mai Unguwa guda ya zauna a tabarmata yana ba ni haƙuri har rana ta yi tsaka, na ba su ruwa suka sha, na ce babu.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce faɗan 'yan'uwa ne. Bai tsaya ba. Jumai, matar marigayi maƙwabcina, ga ta can cikin matan zumunta, kada ki ɓoye fuska, ba ke kika yi laifi ba. Jumai ta zo ta karɓi iri kamar kullum, sai labari ya zo mini cewa ta raba biyu, ta ƙulle rabi za ta aika Kibiya. Na shiga gidanta ko sallama ban yi ba, na ɗauke ƙullin a kan gadonta, na zo na watsa wa kajina tana tsaye.

Ta ce, "Baba Habila, ba ka jin tsoron Allah?"

Na ce, "Ni na ɗauko ƙasar da aka gina majami'ar da kike jin tsoronsa a ciki."

Haka na faɗa mata. Ranar nan na kwaɓa laka na liƙe bakin tulu, na ɗauke shi daga zaure na kai ƙuryar ɗaki. Kowace shekara in fasa in ɗebi na shukata, in zuba sabo, in sake liƙewa. Na ce tunda kowane hannu yana iya kaiwa Kibiya, to babu hannun da zai ƙara karɓa. Mutanen Zinyau sun zo, na ce babu. Mutanen Ardo sun zo, waɗanda ubanninsu suka yi shekara da shekaru suna kawo mana shanu su kwana a gona domin taki, na ce babu. Sannu a hankali aka daina zuwa. Masara ta shigo, takin zamani ya shigo, irin da ke nuna da wuri ya shigo. Na ce su je, za su gaji su dawo. Ina kallon gonata ita kaɗai tana ja a duk faɗin ƙasar nan, ina jin daɗi. Ku ji da kyau, ina jin daɗi. Ranar Lahadi kuma in sa farar riga in zauna a kujerar gaba, in karɓi gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, in tashi in yi wa ikilisiya addu'a.

Shekara huɗu da suka wuce ƙafar nan ta kwantar da ni. Matata ta riga ta rasu, 'ya'yana ɗaya yana Kano ɗaya yana Fatakwal, sai dai gaisuwa a waya. Damina uku ban taka gona ba. Mutanen ikilisiya suka yi mini gayya, Allah ya saka musu, suka shuka mini gero da wake. Suka ce, "Baba, kawo kaura mu sa maka." Na ce a'a. Na san riga tana da aljihu. Na ce irina yana cikin toka, an liƙe shi, babu ƙwaron da zai shiga, zai jira ni. Abin da ke rumbu kuma na ci, na ci, har na share ƙasan rumbun da tsintsiya.

Bana ƙafa ta sake ni. Da aka yi ruwan shuka na fasa lakar da hannuna. Wallahi, ku yafe mini rantsuwa a gaban majami'a, ƙwayar nan kamar jiya aka zuba ta. Ko huda ɗaya babu. Na shuka rabi. Kwana biyar, kwana bakwai, kwana goma, gonakin maƙwabta sun yi kore, tawa ƙasa ce kawai. Na durƙusa na tona rami da yatsa, na sami ƙwaya ta kumbura ta ruɓe, ko saiwa ba ta fitar ba. Na ce ruwa ne ya yi yawa. Na jira, na shuka sauran duka, har da abin da ya maƙale a gindin tulun. Ko ɗaya. Rami sama da dubu, ko ɗaya bai buɗe ido ba. Ni da na yi shekara sittin ina noma, na san iri ba ya son dogon zama, na san sai ya shiga ƙasa ya fito ake samun na gaba. Na sani. Na dai ɗauka nawa ba zai yi mini haka ba.

Na ɗauki sanda na bi gidajen da ubana ya taɓa zuba wa. Na je Zinyau, na je Rurum, na shiga rugage. Wani ya yi mini dariya, wani ya ba ni fura. Wani tsoho a Zinyau ya ce, "Habila, tamu ta gauraye tun shekara ashirin. Mun zo sabuntawa, ka manta abin da ka ce mana?" Ban manta ba. Abin da kakar ubana ta ɗauko a gefen zane, ya ratsa fari, ya ratsa shekarun yunwa, ya ratsa hannu uku lafiya, a hannuna ya mutu. Ba wuta, ba ɓarawo, ba gara. Ajiya ce ta kashe shi.

Wannan ma da na haɗiye shi ni kaɗai. Abin da ya tsayar da ni a gabanku ya faru ne kwana tara da suka wuce.

Ina zaune a zaure da hantsi, sai ga wata mace da goyo ta yi sallama. Ban gane ta ba sai da ta durƙusa ta ce, "Baffa, ni ce Bara'atu." 'Yar Ishiyaku ce ta fari. Rabona da ita tana tatata.

Ta ce, "Baffa, Baba ne ya aiko ni. Wata biyu yana kwance, abinci ba ya zama a cikinsa. Likita ya ce mu koma da shi gida. Baba ya ce babu abin da ransa yake so sai talgen kaurar Kaka. Ya ce in faɗa maka ba iri yake roƙo ba yanzu, ba ya sa ran wata damina. Ko tafi ɗaya ne, a niƙa a dama masa."

Ta fito da wani ɗan farin ƙyalle ta shimfiɗa a gabana.

Na ce, "Babu."

Ta dube ni, ba ta yi fushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Baffa. Dama ya ce haka za ka ce. Ya ce duk da haka in gaishe ka, in tambayi ƙafa."

Ta ninke ƙyallenta, ta gyara goyo, ta fita. Jama'a, shekara ashirin da huɗu ina faɗa masa ƙarya yana yarda cewa ƙi ne; ranar da na faɗi gaskiya, wa zai raba ta da sauran? Na so in kira ta in jawo tulun in kife shi a gabanta ta gani. Na ji takunta har ta wuce rijiya. Ban kira ta ba. Ƙanena yana kwance a Kibiya yanzu haka da muke magana, yana jin cewa yayansa yana da dawar ubansu a ɗaki, ya hana shi tafi ɗaya ya mutu da shi.

Zan tambaya a gaban kowa, ko da na san amsa. Akwai wanda yake da ita? Ko gaurayayya ce, ko zangarniya ɗaya ce da aka manta a saman madafa? Mutanen Zinyau? Rurum? Ardo, a cikin jama'arka? Jumai, ba ki ɓoye komai ba a ranar nan? In kin ɓoye, yau ba zan yi faɗa ba.

Babu hannu. To. Na ga buhunan da kuka kawo baiko sun cika gaban majami'a, masara da shinkafa da waken suya, Allah ya karɓa. Babu abin da zan ɗauka a ciki.

Kafin in kai ga roƙona, akwai naku kason, ba zan tafi da shi ba. Duk kun sani. Babu dattijon da ke zaune a nan da bai san ba na magana da ƙanena ba. Fastoci shida aka yi a ikilisiyarmu a cikin shekarun nan, na ɗauki kayan kowannensu daga bakin titi, wannensu ya taɓa riƙe hannuna a wurin jibi ya ce, "Baba, dakata, je ka dawo"? An hori yarinyar da ta yi ciki, an hori wanda aka gani da kwalba, an tsayar da su a gaban jama'a. Ni kuwa aka ƙara mini kujera mai hannu. Kun ji tsoron bakina, na sani, bakina ba shi da daɗi. Mace ɗaya ce ta faɗa mini gaskiya, sai Musulmi ɗaya da ya ɓata yininsa a tabarmata. Sauranku kun ce a bar tsoho. To kun bar shi, ga shi nan.

Rabaran ya yi mana wa'azi da safe, ya ce alherin Allah ba ya ƙarewa, ba ya tsufa, kuma ba don mun isa ake ba mu ba. Shi ya yi karatu, ni ban yi ba, ba zan yi masa gardama ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Ni ma kyauta aka ba ni. Ban nemi mai keken nan ba, shi ya zo. Ban yi wani abin kirki ba kafin a tsoma ni a ruwa. An yafe mini abubuwan da ko matata ba ta sani ba. Na karɓa, na liƙe, na ce nawa ne, na ce guminsa na yi da ɗaukar ƙasa da buga ƙararrawa. Yanzu kwana tara ke nan ina durƙusawa in yi addu'a, kalmomin suna nan yadda na san su, ko ɗaya bai ɓace ba, amma babu abin da ke motsi. Ina tona zuciyata kamar yadda na tona ramin nan. Tsoron da nake ji ke nan, kuma ban taɓa faɗa wa mutum ina jin tsoro ba sai yau.

Kada kuma ku zaci na zo in ce muku na yafe. Na duba, ban sami yafiyar ba. In na rufe ido har yanzu taraktar nan nake ji. Da ina da dawar, da na cika ƙyallen Bara'atu na huta, ba sai na ga fuskarsa ba, ba sai na buɗe baki ba, dawa ta yi magana a madadina. Yanzu babu abin aikawa. Ni kaɗai na rage, ni ɗin ma ba abin kirki ba.

Sau biyu a cikin kwanakin nan na yi wanka, na sa riga, na dogara sanda har bakin titi. Na farko mai babur ya tsaya ya ce, "Baba, ina zuwa?" Na ce, "Ina ruwanka?" Ya tafi. Na biyu na hau, muka yi nisa, da na hango rufin kwanon Kibiya sai na ce ya juya, na yi mantuwa. Ban yi mantuwar komai ba. Na san kaina, jama'a. In kuka bar ni na koma Gidan Barde yau, zan zauna a zauren nan har a aiko mini cewa an kai shi, kuma ko jana'izar zan sami dalilin da zai hana ni.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba na roƙo, kun sani. In an yi addu'ar rufewa, kada a bar ni in bi hanyar gida. Ranka ya daɗe Rabaran, motarka tana gindin mangwaro, kafin ka ci abinci ka sa ni a ciki. Malam Haliru, ka zauna kusa da ni ta wajen ƙofa, domin kai ne ka san gidan, kuma kai Ishiyaku zai yarda da kai in ka ce masa tulun ya bushe. In na ce ƙafa ta motsa, kada ku saurara. In na ce na fasa, kada ku saurara. In na zage ku a hanya, zan kuwa iya, ku bar shi a kan tsufa, ku ci gaba da tafiya. Ku kai ni har bakin tabarmarsa ku zaunar da ni. Abin da zan ce masa ban sani ba. Mai yiwuwa in zauna in yi shiru, mai yiwuwa in tayar da zancen ɗorawa a kan mutumin da ba ya iya ɗaga kai, Allah ya kiyaye. Ban yi muku alkawarin komai ba. Amma in akwai sauran alheri da zai isa ɗakin nan, ba daga wurina zai fito ba, sai dai ku ku ɗauke shi tare da ni, yadda ake ɗaukar gurgu.

Ku kuma samari da 'yan mata da kuke dariya ɗazu da na yi zancen agogo, ku dube ni da kyau. Abin da aka ba ku, ku ba da shi tun ana zuwa nema. Ana daina zuwa.

Ubangiji Allah ya albarkaci wannan taro, ya albarkaci hannun da ya noma da hannun da ya dafa. Allah ya ba ƙasar Rano da ta Kibiya zaman lafiya, tsakanin majami'a da masallaci, tsakanin gona da ruga, tsakanin wa da ƙane. Allah ya ba fastocinmu ƙarfin halin faɗa wa tsofaffi gaskiya. Allah ya saka wa Jumai. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ya kuma Ubangiji, ban cancanci in roƙe ka wannan ba, amma ka riƙe numfashin Ishiyaku ɗan Barde har la'asar ɗin yau, ka riƙe bakina kuma in na isa. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.

Rabaran, ka taƙaita addu'ar rufewa. Na gode.